Shin nonon uwa ɗaya zai ishi tagwaye?

Da zarar an ce wance ta sauka ta samu tagwaye, bayan barka da "Allah ya raya", maganar da ke biyo baya a ɗakin mai jego ita ce ta madara. Wata ta ce dole a haɗa musu da ta gwangwani, wata ta ce a fara musu koko da wuri, wata kuma ta kwantar wa kowa da hankali da cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. A rediyo da Facebook ma haka abin yake: kusan duk sanarwar neman taimako ga mai tagwaye ko 'yan uku, madarar jarirai ce a sahun gaba. Tun daga 2023 da aka cire tallafin mai kuma darajar naira ta faɗi, kuɗin gwangwani ya fi ƙarfin gidaje da yawa, sai tambayar ta ƙara nauyi. Shin nonon mace ɗaya zai riƙe jarirai biyu har wata 6 ba tare da an ƙara musu komai ba, ko dai magana ce ta ma'aikatan asibiti da ba su san halin da ake ciki a gida ba?

Ga mafi yawan mata, zai riƙe su. Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma yawancinsu ba a hannun mai jegon suke ba.

Me ya sa batun ya fi shafar mu

Wani bincike da aka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa ana haihuwar tagwaye kusan sau miliyan 1.6 a duniya kowace shekara, wato haihuwa 12 cikin kowace 1,000. Afirka ce kan gaba, musamman yammacinta da tsakiyarta. Garin Igbo-Ora na Jihar Oyo har suna ya yi saboda yawan tagwayensa, kuma a ƙasar Hausa da wuya ka samu unguwar da babu Hassan da Usaini, ko Hassana da Usaina, da Gambon da ke bin su.

Ɗaya ɓangaren kuwa ba daɗin ji. Binciken da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2017, wanda ya duba ƙasashe 30 na Afirka kudu da Sahara, ya nuna cewa ɗaya cikin tagwaye biyar ba ya kai shekara 5, kusan ninki uku na yaran da aka haifa su kaɗai. Dalilan sanannu ne. Fiye da rabin tagwaye suna zuwa kafin cikin ya cika mako 37, da yawansu ba sa kai kilo 2.5, kuma ɗan ƙaramin jiki irin wannan gudawa ɗaya ko ciwon huhu ɗaya kan iya kayar da shi. Nonon uwa na ɗauke da garkuwar da ke kare jariri daga waɗannan cututtuka biyu. Ke nan yaran da aka fi saurin cire wa nono su ne suka fi kowa buƙatarsa.

Abin da ake nufi da nono zalla

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suna ba da shawarar a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla har wata 6, daga nan a fara abinci ana ci gaba da shayarwa zuwa shekara 2 ko fiye. Nono zalla na nufin babu ruwa, babu rubutu, babu zuma, babu jiƙo, babu madarar shanu ko ta akuya, sai maganin da likita ya rubuta kaɗai. Wannan shawara ba ta ware tagwaye ba.

Maganar ruwa ce ta fi tayar da gardama, musamman a watannin zafi. Kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma jaririn da yake sha duk lokacin da ya nema ba ya ƙishirwa ko da a zafin Sakkwato ko Maraɗi ne. Ruwan da aka ɗura masa yana cika ɗan cikinsa ya hana shi tsotsa, in kuma ba mai tsabta ba ne ya kawo gudawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kaɗai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata 6 ke samun nono zalla. Idan mai ɗa ɗaya tana shan matsin lamba ta ba da ruwa, mai karatu ya ƙiyasta irin wanda mai biyu take sha.

Yadda jiki ke samar da nono

Tushen rashin fahimtar shi ne ana ɗaukar nono tamkar randa, wadda in mutum biyu suka sha za ta ƙare da wuri. Ya fi kama da rijiya mai ido, ana ja tana kawowa. Duk sanda jariri ya tsotsa, ƙwaƙwalwar uwa na sakin sinadarai biyu: furolaktin mai sa a haɗa sabon nono, da oksitosin mai sa ya zubo. Nonon da aka shanye yana gaggauta haɗa wani, wanda aka bari a cike kuma yana rage aiki. Baki biyu na aika saƙo ninki biyu, jiki kuma ya amsa gwargwadon haka.

An auna wannan. Mai shayar da ɗa ɗaya tana samar da kimanin mililita 750 zuwa 800 a rana. A wani bincike da aka yi a Ostiraliya aka buga a 1986, an samu masu tagwaye da ke samar da fiye da lita 2 a rana, da wata mai 'yan uku da ta haura lita 3. Girman mama kuma ba ya cikin lissafin. Kitse ne ke bambanta babba da ƙarami, ba wurin haɗa nono ba.

Nan ne ƙarin madara tun farko yake yin ɓarna ba tare da an lura ba. An ji tsoron nono ba zai isa ba, sai aka ba su bulumboti. Suka ƙoshi suka yi barci mai tsawo, ba su tsotsa ba. Jiki ya ɗauka ba a buƙata, ya rage. Bayan mako biyu nonon ya ragu da gaske, sai a ce ai dama an faɗa. Haka kuma jaririn da bai iya kama mama da kyau ba, ya tsaya a kan bakin nonon kawai bai cika bakinsa da baƙin da ke kewaye ba, zai yi ta tsotsa bai samu ba, ya kuma tsattsage wa uwar kan nono. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Makon farko, inda ake cin nasara ko a rasa

Dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin ɗorawa, ba shi da yawa, kuma haka ya kamata ya kasance. Cikin jariri a ranar farko bai wuce ɗaukar cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Har yanzu akwai gidajen da ake matse dakashi a zubar wai ba shi da kyau, wasu ma sai an gwada nonon da tururuwa kafin a yarda a ba jariri. A kwanakin da ake jira kuwa ana ba shi ruwan dabino ko madarar dabba. Ga bakwaini wannan asara ce babba, domin dakashi ne ke shafe hanjinsa ya kare shi daga ƙwayoyin cuta. Zuma kuma, duk albarkarta, ba a ba yaron da bai kai shekara ɗaya ba, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jarirai.

Mai tagwaye tana shiga wannan mako da nauyin da sauran ba su da shi. An fi yi musu aiki wajen haihuwa, sun fi zubar da jini, sun fi fama da hawan jini, kuma kowanne daga cikin waɗannan na iya jinkirta zuwan nono sosai daga kwana 2 ko 3 zuwa 4 ko 5. Jinkiri ne, ba rashi ba. Maganinsa a ci gaba da sa yaran a mama, a kuma riƙa tatsa da hannu.

Jaririn da aka haifa kafin mako 34 yawanci bai iya haɗa tsotsa da haɗiya da numfashi ba tukuna. Wani lokaci Hassan yana hannun uwa, Usaini yana cikin kwalba a wani ɗaki. A irin wannan hali uwa za ta fara tatsa tun awannin farko, aƙalla sau 8 cikin awa 24 har da dare, a ba ƙaramin da ɗan kofi ko ta robar hanci. Nonon da aka tatsa a mazubi mai tsabta da murfi yana kai awa 4 a ɗaki mai sanyi-sanyi, a lokacin zafi kuwa gara a ba da shi da wuri. A firij mai wuta tsayayya yana kai kwana 4.

Akwai kuma goyon ƙirji, wanda asibitoci ke kira salon kangaru: a ɗora jariri tsirara sai kunzugu da hula a tsakanin nonuwan uwa, fata da fata, a ɗaure da zane. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara shi a 1978 saboda ƙarancin kwalabe. Wani babban gwaji da aka buga a 2021, wanda asibitin koyarwa na Ile-Ife ya shiga tare da na Ghana da Indiya da Malawi da Tanzaniya, ya nuna fara shi nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin 100. Yana ɗumama jariri, yana kuma sa nono ya zubo. Tagwaye biyu na iya shiga ƙirji ɗaya, ko uwa ta ɗauki ɗaya, uba ko kaka ta ɗauki ɗayan. Babu abin kunya a ga namiji da ɗansa a ƙirji.

Tare za a ba su ko ɗaya bayan ɗaya

Jariri sabon haihuwa yana sha sau 8 zuwa 12 a yini da dare. Idan kowane sha ya ci minti 30, yara biyu sau takwas-takwas awa 8 ke nan a zaune, ban da wanka da wanki da lallashi. Shi ya sa shayar da su lokaci guda yake ceton uwa. Amma ba a farawa da shi dole. A kwanakin farko ya fi sauƙi a ba kowanne shi kaɗai har uwa ta gane yadda yake kamawa, sannan a haɗa su.

Riƙon da ya fi sauƙi shi ne kowane yaro a ƙarƙashin hammata ɗaya, ƙafafunsa sun nufi bayan uwa, kansa a tafin hannunta, an tallafe shi da matashi. Wadda aka yi wa aiki za ta fi jin daɗinsa don ba ya danne ɗinki. Ana kuma iya rungume su ta gaba ƙafafunsu su haɗu a cinya, ko ɗaya a gaba ɗaya a hammata. A makonnin farko sai da mai miƙo na biyun bayan na farko ya kama.

Kada a raba musu nono, a ce na dama na Hassana ne na hagu na Usaina. Da wuya tagwaye su zo da ƙarfi ɗaya. In mai ƙarfin ya riƙe ɓangare guda, nasa zai yi ta cika, na raunannen ya yi ta raguwa. A riƙa musanyawa, ko a kowane sha ko kullum. Haɗa su ma yana taimakon ƙaramin, domin tsotsar babban tana sa nono ya zubo ta ɓangarorin biyu. Al'adarmu ta ce duk abin da aka yi wa ɗaya a yi wa ɗayan, kada ya yi fushi. A anko da kyauta wannan ba laifi, amma a shayarwa wanda ya fi ƙanƙanta ya fi buƙatar lokaci, kuma sau da yawa shi ne mai yawan barci da rashin kuka, wanda ake yabo da haƙuri alhali ƙarfin kukan ne ba shi da shi. Irin wannan tashinsa ake yi a ba shi, kada ya wuce awa 3. Da dare kuma in ɗaya ya farka, a tashi ɗayan su sha tare, in ba haka ba uwa za ta kwana a zaune.

Yadda ake gane nono ya isa

Kuka ba ma'auni ba ne, haka ma laushin mama bayan 'yan makonni. Ma'aunin na kunzugu ne da sikeli. Daga kwana na 5, kowane yaro ya jiƙa kunzugu aƙalla sau 6 a rana da fitsari mai haske, kashinsa ya juye daga baƙi zuwa ruwan ɗorawa. Jarirai kan ɗan rame a kwanakin farko, amma su dawo nauyin haihuwarsu zuwa mako 2. Kowanne da katin awonsa, kuma da kansa ake gwada shi, ba da ɗan'uwansa ba. Yaron da ya daina tsotsa, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko idonsa da tafin hannunsa suka yi ɗorawa saboda shawara, ko maɗigarsa ta faɗa, asibiti za a kai shi a ranar.

Inda masu cewa a ƙara madara suke da gaskiya

Ba kowace mace ce nononta zai isa ba, kuma ɓoye wannan zalunci ne. Wadda ta zubar da jini mai yawa, ko guntun mabiyiya ya rage a mahaifarta, ko tana kwance rai a hannun Allah, ko an taɓa yi mata aiki a mama, na iya kasa samar da abin da zai ishi biyu duk ƙoƙarinta. Akwai kuma marayun da uwarsu ta rasu wajen haihuwa. A nan madarar jarirai ceton rai ce, kuma wadda ta haɗa nono da madara bisa shawarar ma'aikacin lafiya ba ta gaza ba. Ko rabin abincinsu ne nono, suna samun kariyarsa. Ƙa'idar ita ce a fara ba da nono, sannan a cika da madara a kofi.

Amma a shiga da ido buɗe. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, jaririn da madara kaɗai yake sha yana cin kusan kilo 20 a wata 6 na farko, wato gwangwani 50 mai giram 400. Tagwaye gwangwani 100 ke nan. Maigida ya tambayi farashin guda a shagon unguwarsu ya ninka sau 100, ya ɗora kuɗin gawayi ko gas na tafasa ruwa dare da rana, ya kwatanta da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Abin da ke faruwa a gidaje da yawa shi ne gwangwanayen da 'yan barka suka kawo su ƙare a wata na biyu, lokacin nono ya riga ya ja baya. Daga nan sai a fara tsinka madarar da ruwa don ta kai ƙarshen wata, ko a koma madarar shayi da koko. Hanyar tamowa ke nan. Saboda irin wannan ne aka kafa ƙa'idar duniya ta 1981 da ta hana tallata madarar jarirai da raba ta kyauta ga masu jego, wadda hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ke sa ido a kanta a Najeriya. Mai son taimaka wa mai tagwaye da nononta ke zuwa, kuɗin gwangwanin nan ya fi amfani in ya zama wake da ƙwai da kifi a tukunyarta.

Uwar shayarwa

Musulunci ya buɗe wata ƙofa da muka fara mantawa. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa, ita ce kuma ta halatta a nema wa yaro mai shayarwa, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha nonon Halimatus Sa'adiyya. 'Yar'uwa ko maƙwabciya mai goyo na iya ɗaukar wani kaso, bayan an yi mata gwajin cuta mai karya garkuwar jiki.

Sai dai a rubuta a ajiye, don shayarwa na haramta aure kamar yadda aya ta 23 ta Suratun Nisa'i ta nuna. A mazhabar Malikiyya ko sha ɗaya ne ya isa cikin yaro a shekarun shayarwa ya wadatar, Shafi'iyya kuma sun ce sai sha biyar. Ga tagwaye akwai wani abin lura: in Hassan kaɗai ya sha nonon gwaggonsa, shi ne ya zama ɗan'uwan 'ya'yanta, haramcin bai hau kan Usaini ba. A dangin da ake auren zumunci, shekara 20 nan gaba babu wanda zai iya rantsuwa wanne ne a cikin biyun ya sha in ba a rubuta ba.

Wa ke ciyar da mai ciyarwa

Shayar da ɗa ɗaya na cin ƙarin kalori kusan 500 a rana, biyu kuwa kusan 1,000, kamar a ce ƙarin cikakken abinci sau biyu kan wanda ta saba. Jikin uwa yakan ci gaba da haɗa nono mai kyau ko da ba ta ƙoshi sosai, amma daga tsokarta da jininta yake ɗiba. Tana buƙatar wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, hanta, zogale, alayyafo, fura da nono, da ruwa a gefenta duk sanda ta zauna shayarwa, ta kuma ci gaba da shan maganin ƙarin jini. Kunun gyaɗa da hulba da ake cewa suna kawo nono ba laifi, amma babu abincin da zai maye gurbin yawan tsotsa. Kunun kanwa kuwa a yi hattara. Kanwa gishiri ce mai nauyi, mai tagwaye kuma ta fi shiga haɗarin hawan jini da ciwon zuciyar bayan haihuwa, ciwon da likitocin Zariya da Kano suka daɗe suna gani da yawa. Haki, kumburin ƙafa ko kasa kwanciya rigingine ba gajiyar jego ba ce. Yawan kuka da ƙin yaran da jin ba za ta iya ba ma ciwo ne da ake magani, ya kuma fi kama masu tagwaye. A watan azumi shari'a ta ba mai shayarwa rangwamen ajiyewa in ta ji wa yaranta tsoro. Ta tambayi malami yadda za ta rama.

Ayar nan ta Baƙara ta ɗora ci da tufafin mai shayarwa a wuyan uba. A aikace wannan ya haɗa da sauke mata girki da ɗiban ruwa da wanki. Al'adar zuwa wankan gida da zaman kaka har arba'in gata ce babba, sai dai mai tagwaye kwana 40 ba sa isarta, tana buƙatar mai taya ta aƙalla wata 3, musamman da dare. Inda talauci ya tura uwa bara da tagwaye a bakin titi, rana da ƙura da yunwa ne suke haɗuwa a kan mutum uku, kuma hakkin dangi da masu zakka ne su tare wannan tun daga gida.

Ma'aikaciya kuma tana da tata matsalar. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba da hutun haihuwa na mako 12, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa bayan an koma aiki. Jihar Legas a 2014 da Kaduna a 2019 sun kai hutun ma'aikatansu wata 6, gwamnatin tarayya kuma ta amince da kwana 14 ga uba a 2021. Mafi yawan matanmu dai ba su da albashi balle hutu, sana'arsu a gida take ko a gona, kuma ranar da ba su yi ba babu na cefane.

Saura batun kwanika. Nono zalla yana hana ɗaukar ciki da kusan kashi 98 cikin 100, amma da sharaɗi uku a haɗe: yaran ba su kai wata 6 ba, ba a ba su komai sai nono dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da ɗaya ya warware, kariyar ta tafi. Jikin da ya ɗauki biyu ya shayar da biyu yana buƙatar hutu kafin Gambo ya zo, don haka maganar tazarar haihuwa a yi ta da miji da ma'aikaciyar lafiya tun ranar da aka kai yaran rigakafin mako 6.